Kurakuran da muke yi in ana hirar ɗan ƙwallon da ya zaga ƙananan kulob na Ingila

Ranar nan a gidan kallo ana hutun rabin lokaci wani ƙanina ya miƙo min wayarsa yana nuna min jerin kulob ɗin da Adebayo Akinfenwa ya buga wa, wai yaya duba fa, wannan ai ɗan ci-rani ne, duk inda ya je korarsa ake yi. Abin ya tsaya min a rai gaskiya, don wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, a ƙirga kulob a yanke wa mutum hukunci.

A ƙananan lig kwantiragi yawanci shekara ɗaya ne ko biyu, in kaka ta ƙare a watan Mayu kulob ya fitar da sunayen waɗanda zai riƙe da waɗanda zai sallama, ranar 30 ga Yuni takarda ta ƙare, shi ke nan kowa ya kama gabansa. Kulob ya faɗi ƙasa kuɗi ya ragu a sallame ka, sabon koci ya zo da yaransa a sallame ka, wani lokacin ma kulob ya hau sama ne sai a ce kai ba ajin can ba ne. Shi Akinfenwa ɗin, haifaffen Landan ne ɗan asalin Najeriya, a 2016 ya ci wa AFC Wimbledon fenariti a wasan ƙarshe na neman hawa lig na gaba a Wembley suka doke Plymouth 2-0 suka hau League One, a fili ana hira da shi gumi bai bushe ba yake cewa shi yanzu ba shi da aiki, duk kocin da ke so ya neme shi ta WhatsApp. Mutumin da ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe fa! Wycombe ta ɗauke shi ya yi shekara 6 a can, da shi aka hau Championship a 2020, bai ajiye takalmi ba sai 2022 yana da shekara 40. To gyaran mai sauƙi ne, bar ƙirga kulob, duba wasa nawa ya buga a kowace kaka. A waɗannan lig ɗin wasa 46 ake yi ban da na kofuna, wanda ka ga yana yin 35 ko 40 duk shekara to koci-koci sun yarda da shi ne, ba wanda zai ajiye malalaci a fili daren Talata ana ruwa da sanyi. Steve Claridge ya zaga kulob barkatai amma ya haura wasa 1000, kuma shi ya ci wa Leicester ƙwallon da ta kai su Firimiya a 1996.

Sai rikicin suna. Da yawa in sun ji League One sai su ɗauka rukuni na ɗaya ne, alhali na uku ne. Firimiya kulob 20, sai Championship, League One, League Two kowanne 24, jimilla 92, a ƙarƙashinsu kuma National League. In ka riƙe wannan ba wanda zai ruɗa ka.

Akwai kuma masu haɗa aro da sallama. Aro daban ne, kulob ɗinka na nan yana riƙe da kai ya tura ka ka samo gogewa, Harry Kane ma sai da Tottenham ta tura shi Leyton Orient da Millwall da Norwich da Leicester. In kana duba tarihin ɗan wasa ka ware na aro gefe tukuna, sau da yawa jerin da ya ba ka tsoro sai ka ga ya ragu sosai.

Wanda ya fi ci min rai shi ne zancen kuɗi, wai ai duk mai buga ƙwallo a Ingila ya gama da talauci. Wallahi ba haka ba ne. Ɗan League Two yana samun abin rufin asiri amma tsakaninsa da ɗan Firimiya kamar sama da ƙasa ne, ga haya ga iyali ga sauya gari duk bayan shekara biyu yara su bar makaranta su shiga wata, gwiwa ta samu matsala a watan Maris kwantiragi ya ƙare a Yuni, wa zai ɗauki mai ɗingishi? Shi ya sa za ka ga da yawansu tun suna wasa suke karatun aikin koci ko su koyi wata sana'a.

Su kuma masu kawo Jamie Vardy a kowace gardama, eh gaskiya ne ya buga wa Stocksbridge Park Steels yana aikin masana'anta, ya je Halifax, ya je Fleetwood, Leicester ta saye shi a 2012 kan fam miliyan 1 yana da shekara 25, a 2016 ya ɗaga kofin Firimiya. Amma irin nasa ba a cika samu ba, in da shi za ka auna kowa to duk sauran sun zama marasa nasara ke nan, kuma zalunci ne. Ka auna ɗan League Two da 'yan League Two, shekara nawa ya yi ana ba shi kwantiragi, sau nawa ya hau da kulob, an taɓa ɗaura masa kambun kyaftin ko a'a.

Ƙanin nawa dai na ce ya sake buɗe shafin ya bar layin kulob ya kalli layin ƙwallaye, ya tarar sun haura 200, ana dawowa daga hutu yana nan yana ta jan allon wayar.