Yadda Ake Shuka Furen Lili a Tsakar Gida a Katsina

Lili iri-iri ne, kuma wurin zaɓen iri ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu tun kafin su taɓa ƙasa. Wanda ake gani a hotunan gonakin Holan, dogo mai ƙamshi, ɗan ƙasar sanyi ne. Sai kansa, wato gindinsa mai kama da albasa, ya kwana makonni cikin sanyi sosai kafin ya sake fure, ga kuma bazarar Katsina da zafinta ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Wanda ya dace da mu shi ne amarilis, wanda ake kira lilin hunturu. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, yana fitar da kara guda mai ɗauke da furanni biyu zuwa huɗu, ja ko ruwan goro. Dangi ne da albasar kwaɗi da ke tsirowa a fadamunmu da damina, shi ya sa ba ya baƙunta a nan.

Da farko ka zaɓi kai mai kyau, domin da kai ake shuka shi kamar albasa. Ka matsa shi da yatsa. In ya yi tauri da nauyi, babu ɗoyi, babu laushi a gindi, ka saya. Babban kai shi ke saurin fure. Ƙananan 'ya'ya sukan ɗauki shekara biyu ko uku.

Sai haɗin ƙasa. A nan Allah ya rufa mana asiri, don ƙasar Katsina jigawa ce, ruwa ba ya kwanciya a cikinta, abin da lili ke so ke nan. Abin da ta rasa shi ne abinci. Ka haɗa kwano biyu na ƙasa da kwano ɗaya na takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe ya koma baƙi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. In a tukunya za ka shuka, ta ƙasa ta fi ta roba, don ba ta ɗaukar zafin rana haka. Ka huda gindinta, ka ɗora 'yan katangar fasasshiyar tukunya a kan hujin. Kada ta yi faɗi da yawa: yatsa biyu ko uku tsakanin kan da bakin tukunya ya isa.

Wurin binnewa ka kula. Saiwa ƙasa, tsini sama, kuma kada ka rufe shi duka. Ka bar kashi ɗaya cikin uku na kan a waje. Wanda ya binne shi har wuya kamar dankali, ganye zai samu, ko ma ruɓa. Ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, shi ne lokacin da na fi so. Kai mai ƙarfi yakan yi fure cikin mako shida zuwa takwas.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce ta fi damuna. Ban taɓa ganin lilin da ƙishirwa ta kashe a gidan mai kula ba, amma na ga da yawa da yawan ruwa ya ruɓar. Ka ba shi ruwa sau ɗaya ranar shuka, sannan ka ƙyale shi sai ya nuna tsiro. Daga nan ka riƙa tura yatsa cikin ƙasar. In ta bushe har gaɓar farko, ka zuba a gefe, ba a kan wuyan ba. A Agusta, lokacin marka, ka janye tukunyar ƙarƙashin rumfa. Ruwan wanki mai omo kuwa, kada ya kusance shi.

Ranar safe yake so. Ka ajiye shi inda hantsi ke samunsa, inuwar katanga ko ta darbejiya ta rufe shi daga azahar. Iskar hunturu tana karya karan, don haka ka kafa masa ɗan tsinke ka ɗaure. Ƙurar da ta hau ganye ka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Bayan furen ya yi yaushi, ka yanke karan kusa da gindi, amma kada ka taɓa ganyen. Su ne ke tara wa kan abincin furen baɗi. Ka ci gaba da ruwa da ɗan taki duk damina. Da ta ɗauke, ka daina ba shi ruwa kwata-kwata har wata biyu, ganyen su bushe da kansu. Wannan hutun shi ke sa ya sake fure. Bayan shekara uku za ka tarar ya haifi 'ya'ya a gefe, sai ka tone ka raba su.

Kan lili yana da guba, ga shi kuma sak albasa. Kada ka ajiye shi a madafa ko inda yara da awaki ke kaiwa, kuma ka hana kyanwa tauna ganyensa. In ka tone shi don ajiya, ka sa shi a kwando daban, ka rataye a sama, ka faɗa wa duk mutanen gidan abin da ke ciki.