Yadda Za Ka Tace Sakamako Da Yawan Sharuɗɗan Da Aka Cika

Ɗalibaina a nan Gombe sun yi ta tambayar wannan. A ce kana da teburin manoma a rumbun bayanai, kana amfani da SQL (harshen yi wa rumbun bayanai tambaya), kana neman waɗanda suka cika aƙalla sharaɗi 2 cikin 3. AND ya cika tsanani, OR kuma kowa yake kwasowa.

1. Rubuta sharuɗɗan a takarda: ɗan Kaltungo, mai noman masara, gona sama da hekta 2.
2. Mayar da kowane sharaɗi zuwa lamba, 1 in ya cika, 0 in bai cika ba:
CASE WHEN gari = 'Kaltungo' THEN 1 ELSE 0 END
3. Haɗa ukun da alamar +.
4. Raɗa wa jimlar suna: AS maki.

Hattara! Kada ka manta da ELSE 0. In ka bar shi, sharaɗin da bai cika ba zai ba da NULL (wato babu ƙima), jimlar duka ta koma NULL, manomin ya ɓace shiru. Wannan ya fi komai damuna, domin ba saƙon kuskure.

5. Tace. WHERE ba ya gane sunan maki. A manhajar rumbun bayanai ta MySQL rubuta HAVING maki >= 2. A ta PostgreSQL kuwa sai ka maimaita lissafin cikin WHERE.
6. Ƙara ORDER BY maki DESC.
7. Duba layi biyar da idonka.