Yadda na gyara fukafukan zakaran ƙarfe da suka ƙi kama walda

Zakara nake haɗawa da tarkacen ƙarfe, jikinsa tsohon tankin babur, wuyansa cen ɗin keke, fukafukan kuma daga tsoffin tukwanen alminiyom na yanko su. To da na kai wuta kan fiffiken sai ya ɓule ya zube, tankin kuwa ko gezau. Dalili kuwa alminiyom a wajen digiri 660 yake narkewa, ƙarfe sai ya kai wajen 1,400, walda irin wadda muka saba ba ta haɗa su ko ka kwana kana yi.

Sai na walda ƴan ƙananan kunnuwa na ƙarfe a jikin tankin (a wanke tanki sosai tukun don Allah, tururin fetur ba abin wasa ba ne), na huda su, na ɗaure fukafukan da noti. A tsakani na saka roba da na yanko daga tsohon tub ɗin taya, saboda in suna gogar juna ga danshi alminiyom ɗin ne ke cinyewa a hankali. Kawunan notin na bar su a fili, sun ma ƙara masa kyau wallahi.