Kurakuran da aka fi yi wajen sauya bidiyo a girgije domin HLS da DASH

Masu rubuta manhaja da yawa da zarar sun tura buƙata zuwa AWS Elemental MediaConvert ko Transcoder API na Google, amsa ta dawo babu kuskure, sai su ɗauka an gama. Ba a gama ba. Lambar aikin kawai aka ba ka, shi kuwa aikin yana kan layi. A MediaConvert sai ya bi ta SUBMITTED da PROGRESSING kafin ya kai COMPLETE ko ERROR. Wanda ya nuna wa masu kallo adireshin bidiyo tun a nan, 404 za su tarar. Wasu kuma sukan sa kod ɗinsu ya riƙa tambayar sabar duk daƙiƙa har ta fara mayar musu da 429. Gyaran shi ne a saurari sanarwa: EventBridge a AWS, Pub/Sub a Google. A sani cewa sanarwa ɗaya tana iya zuwa sau biyu, don haka a ajiye lambar aiki, a duba ta kafin a sake taɓa komai. Idan intanet ya yanke aka sake tura buƙata, a yi amfani da ClientRequestToken ɗin farko, in ba haka ba a biya kuɗin aiki biyu a kan bidiyo ɗaya.

Babbar matsalar tana wajen yanka. HLS da DASH suna yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowane matakin inganci da nasa gunduwoyin, manhajar kallo kuma tana tsallakawa daga wannan mataki zuwa wancan gwargwadon ƙarfin intanet. Tsallaken ba ya yin kyau sai kowace gunduwa ta fara da cikakken firam, wanda bai dogara da na bayansa ba, kuma a daidai lokaci guda a duk matakan. Idan 1080p na da cikakken firam duk daƙiƙa 2, 360p kuma duk daƙiƙa 5, hoto zai riƙa tsayawa ko ya yi tsalle a wurin sauyi, alhali sabis ɗin ya ce aiki ya kammala lafiya. Apple ya ba da shawarar gunduwa mai daƙiƙa 6 da cikakken firam duk daƙiƙa 2. A bidiyo mai firam 30 a daƙiƙa, GOP ya zama 60 ke nan. A mai 25, 50. A sa GOP rufaffe, tsawonsa ɗaya a kowane mataki, kuma tsawon gunduwa ya rabu da shi ba saura. Bidiyon waya yakan zo da yawan firam mai hawa da sauka, shi ya sa ya kamata a tsayar da adadi ɗaya a saitin fitarwa, kada a bar kowane mataki ya bi na asali.

Kafin a tura komai, a duba fayil ɗin da ffprobe. Fitar da 1080p daga bidiyo mai 720p ba ya ƙara kyau ko kaɗan, kuɗi kawai yake ci, tunda ana cajin kowane minti na kowane matakin da aka fitar. Matakin ƙasa kuwa, irin 416x234, kada a raina shi: shi ke riƙe mai raunin intanet. Bidiyon da aka ɗauka a tsaye ya fito a kwance? MediaConvert ba ya bin bayanin juyawa sai an sa Rotate a AUTO.

Kada a zuba sakamako a babban fayil ɗin da ke tayar da aikin. Kowane sabon fayil zai tayar da wani aikin, abin ya yi ta zagayawa, lissafin kuɗi na ta hawa.

Sai isarwa, inda bidiyo ke yi a VLC amma ya ƙi yi a burauza. Yawanci CORS ne ba a buɗe ba a ma'aji ko a CDN. A kuma duba nau'in fayil: .m3u8 ya fita da application/vnd.apple.mpegurl, .mpd da application/dash+xml. Idan bidiyon na masu biya ne, sa hannu a kan babban .m3u8 kaɗai bai isa ba, domin fayilolin da yake nunawa za su dawo da 403. A CloudFront, kukis masu sa hannu sun fi sauƙi, tunda izini ɗaya ke rufe duk gunduwoyin bidiyon.