Yadda Ake Shirya Zagayen Gari a Kan Keke a Birnin Katsina

Ƙungiyar matasa ko ta unguwa da ke son ta fito da mahaya keke su zaga birnin Katsina tare, ya kamata tun farko ta yanke shawara cewa zagaye take shiryawa, ba tsere ba. Tsere yana buƙatar a rufe hanya, a tanadi alƙalai da kyaututtuka, kuma gwanaye kaɗai ke cin moriyarsa. Zagaye kuwa na kowa ne, daga ɗan sakandare har dattijon da bai rabu da tsohon kekensa ƙirar Rale ba, don haka duk wani tsari da za a yi, na hanya ne ko na lokaci, da ƙarfin mafi rauni a cikin ayarin za a auna shi.

A fara da zaɓen lokaci, domin a Katsina rana ce babbar abokiyar gabar mai keke. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 da tsakar rana, kuma bai dace a tara yara da dattawa a kan kwalta a wannan yanayi ba. Watannin Nuwamba zuwa Janairu sun fi dacewa, in dai ba a wayi gari da hazo mai kauri ba, wanda ke hana direba hango abin da ke gabansa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, kuma babu laifi a yi amfani da ita, sai dai a tuna cewa a nan ranar tana faɗowa ne tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina, lokacin da zafi bai gama sauka ba. Kowane wata aka zaɓa, a tashi da misalin ƙarfe 6:30 na safe, a kammala kafin ƙarfe 9:00. Asabar ko Lahadi ta fi, a kauce wa Juma'a da watan azumi da ranakun hawan Sallah.

Hanya ita ce wurin da ya fi cancantar a ɓata lokaci. Tsofaffin ƙofofin ganuwa, wato Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar 'Yanɗaka da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa, sun isa su zama alamomin zango, domin kowane Bakatsine ya san su, kuma wanda aka bari a baya zai iya faɗin inda yake a waya ba tare da dogon kwatance ba. Amma ba dole ne a taɓa dukansu ba. Kilomita 10 zuwa 12 sun wadatar a fitar farko. A ganina gara a tsallake duk wurin da manyan motoci da 'yan acaɓa da masu Keke Napep ke cakuɗuwa, kamar bakin tasha da bakin kasuwa, ko da hakan zai sa zagayen ya rasa wata ƙofa mai tarihi. Mutum biyu ko uku daga cikin masu shiryawa su bi hanyar a kan keke mako guda kafin ranar, a daidai sa'ar da za a fita, su lura da ramuka, da buɗaɗɗun kwalbatoci, da wuraren da yashi ya kwanta a gefen titi, domin yashi ne ya fi kayar da sabon mahayi idan ya murɗa kan keke a cikinsa. Wanda ya duba hanya daga cikin mota ba ya ganin waɗannan abubuwa.

A sanya zango ɗaya ko biyu a inda akwai abin gani da filin jingine kekuna. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, wuri ne da ya dace, haka ma ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Lungunan cikin gari ƙanana ne, saboda haka a shige su a jere ɗaya bayan ɗaya, kuma a nemi wani malamin tarihi ya yi bayani na minti goma kawai, kada jiki ya yi sanyi.

Batun izini ba ya buƙatar dogon bayani, amma ba a tsallake shi. A rubuta takarda zuwa ofishin 'yan sanda na yankin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da KASSAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Katsina, aƙalla mako biyu kafin ranar, a bayyana hanya da lokaci da yawan mutanen da ake sa rai. A kai gaisuwa wurin masu unguwannin da za a ratsa, domin idan mai unguwa ya san da zuwan ayari, shi da kansa zai sa a janye yara daga bakin hanya. Duk wanda bai kai shekara 18 ba ya zo da amincewar iyayensa.

Ranar jajibiri a ɗauko mai gyaran keke ya zauna da kayan aikinsa a wurin taruwa, kowa ya kawo kekensa. A matse birkin gaba a tura keken; idan tayar ta ci gaba da juyawa, robar birki ta cinye. A yi wa na baya haka. A latsa taya da babban yatsa, in ta lotsa a ƙara iska, domin taya mai laushi ta fi saurin yin faci kuma tana gajiyar da mahayi. A ɗiga wa sarƙa mai, sannan a goge rarar da tsumma, in ba haka ba ƙura za ta manne ta zama kamar kunu. Sirdi kuma, wanda yawancin mutane ke barinsa ƙasa ƙwarai, a ɗaga shi har sai mahayi ya ɗora dugadugi a kan feda tana can ƙasa ƙafarsa ta miƙe sosai. Wannan ne ke hana ciwon gwiwa. Keken da ba shi da birki kada a bar shi ya shiga, ko na ɗan wane ne.

A ranar fita, ayari ya kasance da jagora a gaba wanda ba a wuce shi, da wani gwani a can baya wanda ba ya wuce kowa, sai kuma 'yan rakiya sanye da riguna masu ƙyalli da za su riƙa tsayawa a mahaɗar hanyoyi. A riƙe hannun dama, kada a jeru fiye da biyu-biyu, kuma a shataletale a dakata a taru sannan a ratsa gaba ɗaya bisa umarnin jami'an hanya. Mai babbar riga ko zani ya tattare su kada su shiga sarƙa, wanda ke da hular kwano kuma ya sa ta. Mota ɗaya ta biyo baya ɗauke da ruwan sha, da gishiri da sukari, da famfo da kayan faci, da 'yan agaji biyu. Wanda aka ga yana tangaɗi, ko ya ce kansa na juyawa, a sauke shi nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan hankalinsa ya fara gushewa, a wuce da shi asibiti ba tare da jira ba.

A wurin kammalawa a kira sunaye daga takardar da aka rubuta da safe, a tabbatar kowa ya iso kafin a sallami motar baya, sannan a tsince ledojin ruwa a bar filin yadda aka same shi.