Yadda Ake Ɗora Wasan George Dandin na Molière a Kan Dandali

A ranar 18 ga Yuli 1668 aka fara nuna George Dandin a fadar Versailles ta Faransa, a gaban Sarki Louis na 14. Marubucin, Molière, shi ya fito a matsayin Dandin, matarsa Armande Béjart kuma ta fito a matsayin Angélique. A wancan biki an haɗa wasan da raye-raye da kiɗan Lully, mai tsara kiɗan fadar, amma ƙungiyar makaranta ko ta unguwa ba ta bukatar su. Kashi uku ne, cikin zube aka rubuta shi, kuma bai cika wuce awa ɗaya da rabi ba.

Dandin manomi ne mai dukiya, ya auri 'yar gidan Sotenville, masu asalin sarauta a karkara waɗanda abin hannunsu ya ƙare. Su suka toshe ramukansu da kuɗinsa, shi aka ƙawata masa suna ya koma "de la Dandinière". Sau uku yana kama matarsa tana hulɗa da wani ɗan fada mai suna Clitandre, sau uku yana kai ƙara wurin surukai, sau uku maganar tana juyewa kansa. Wannan maimaicin shi ne ƙashin bayan wasan, don haka kowane zagaye sai ya fi na baya zafi.

Mutum takwas ake nema: maza biyar, mata uku. Bayan ma'auratan da iyayen yarinya da Clitandre, akwai Claudine baranyar Angélique, da Lubin ɗan aiken Clitandre, da Colin yaron gidan Dandin. A tsayar da furuci ɗaya na sunayen tun zaman karatu na farko: Dandan, Anjelik, Sotanbil, Luban, Kolan. Kayan aiki ba su da yawa: hula, sanda, wasiƙa, 'yan tsabar kuɗi, wuƙa marar kaifi, guntun kyandir, fitila. Wuri ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, wato ƙofar gidan Dandin. Abin da za a kashe wa kuɗi shi ne ƙofar. A sa kafinta ya yi ta da sakata ta ciki mai ƙara, ya buɗe taga a samanta ko a gefenta, ya kafa dakali a baya mai tsayin kamar mita ɗaya da rabi inda mai leƙowa zai tsaya. In aka rataya labule a madadin ƙofa, kashi na uku ya mutu, domin 'yan kallo sai sun ji ƙarar sakata kafin su yarda an kulle mutum a waje.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a mayar da Dandin wawa mai tsalle-tsalle. Dandin gaskiya yake faɗa, 'yan kallo kuma sun gani da idonsu. Dariyar tana fitowa ne daga ganin mai gaskiya yana ba maƙaryaci haƙuri saboda asalinsa bai kai ba. Ɗan wasan ya riƙe fushinsa da gaske, kada ya nemi dariya da fuska. Haka surukan: kada su yi tsawa. Mai ji da asali a hankali yake magana, yana gyara wa mutum harshe kamar yana yi masa alheri. A kashi na ɗaya uwar yarinya ta hana Dandin ya kira ta suruka, sai dai "Madam", uban kuma ya hana shi cewa "matata". Idan da Hausa za a yi wasan, a bar Dandin ya buɗe baki da "Inna" cikin ladabi, ita kuma ta ja baya taku ɗaya, ta gyara mayafi, sannan ta amsa. Ratar da ke tsakaninsu ta fito ke nan ba tare da an yi bayani ba.

Fitowar ban haƙuri ta farko tana son atisaye na musamman. Suruki yana faɗa, Dandin yana maimaitawa, hula a hannu, a gaban mutumin da ke neman matarsa. A bar shiru na daƙiƙa uku zuwa huɗu kafin kowace maimaitawa, shirun yana ƙara tsawo, har a kai jimlar da zai ce shi baran Clitandre ne, inda yake turjewa. Masu gaggawa sukan haɗiye wannan shiru, sai fitowar ta zama karatun allo.

Angélique ma kada a mayar da ita muguwar mata kawai. A kashi na biyu ta tambayi mijinta ko ya taɓa neman yardarta kafin aure, ta ce iyayenta ya shawarta, don haka su ya aura. A tsayar da ita a tsakiyar dandali, a daina kowane motsi, ta faɗe shi ba da wasa ba. Mai kallo zai shigo da karin maganar nan a ransa, ƙwarya ta bi ƙwarya, yana ganin laifin manomi ne da ya ɗaga kai. Wannan jawabi ne ke nuna masa cewa cinikin da aka yi, da yarinyar aka yi shi. Sai dukan sanda da ke biyo baya: tana nuna wa iyayenta Clitandre take kora, alhali bulalar a bayan mijinta take sauka. A yi sandar da kwali nannaɗaɗɗe ko soso, a ƙirga bugun, kamar biyar, kowanne da inda ƙafar kowa za ta tsaya, a maimaita a hankali har jiki ya saba.

Kashi na uku cikin dare ne, lokacin da Angélique ta fita ganawa da Clitandre, kuma nan ake yawan kashe fitilu gaba ɗaya. Kada a yi haka. A rage haske zuwa shuɗi mai laushi yadda 'yan kallo za su ga komai, 'yan wasa su riƙa lalube kamar ba sa gani. Lubin ya kama hannun Dandin yana zaton Claudine ce, ya tona masa asirin ganawar. Dandin da Colin su yi karo su faɗi. Idan mai kallo bai ga kuskuren kafin ya auku ba, ba zai yi dariya ba. Bayan Dandin ya kulle ƙofa ya hau taga, Angélique ta roƙe shi, ya ƙi, ta yi kamar ta daɓa wa kanta wuƙa. Ya sauko da kyandir ya duba, ita da Claudine su sulale ciki su danna sakata. Ya zamana ya yi nisan taku huɗu daga ƙofa, bayansa a juye, in ba haka ba ba wanda zai yarda bai gan su ba. Iyayenta, waɗanda Dandin ya aika Colin ya kira, su iso da kayan barci, Colin na riƙe da fitila, Angélique da Claudine su ce Dandin ya kwana shan giya, a sa shi ya durƙusa da kyandir a hannu ya nemi gafarar matarsa.

Maganarsa ta ƙarshe ita ce wanda ya auri irin wannan mata gara ya je ya faɗa ruwa da ka. Kada a sa kiɗa a kanta, kada a bar kowa a dandali sai shi. Ya faɗe ta a hankali yana fuskantar ƙofar da aka rufe, ya hure kyandirin, mai kula da hasken dandali ya ƙirga biyar sannan ya kashe sauran hasken.