Yadda Makiyayi Zai Kare Garkensa Daga Rabbi Ba Tare da Ya Kashe Shi Ba

Binciken da masana suka fitar a 2016 ya nuna cewa rabbi, dabbar dajin nan mai kama da damisa, wanda ya rage a dazuzzukan duniya bai wuce 7,100 ba, kuma mafi yawansu suna zaune ne a wajen gandun daji, wato a ƙasar da makiyaya ke kiwo. Irin na Sahara, wanda ake samu a tsaunukan Termit na Nijar da Ahaggar na Aljeriya, manyansa ba su kai 250 ba. Saboda haka makomar wannan dabba ta fi rataya a wuyan mai awaki fiye da ma'aikacin gwamnati.

Abu na farko shi ne a tabbatar da wanda ya yi ɓarnar, domin sau da yawa laifin dila ko kura ko damisa ake ɗora wa rabbi. Rabbi siriri ne mai dogayen ƙafafu da ƙaramin kai, yana da baƙin zane daga ido zuwa gefen baki kamar sawun hawaye, ɗigon jikinsa kuwa baƙi ne cikakke, ba kamar roɗi-roɗin damisa mai haske a tsakiya ba. A sawunsa ana ganin alamar farce, domin ba ya iya mayar da faratansa ciki gaba ɗaya. Idan ya kama dabba, maƙogwaro yake shaƙewa, ya ci da sauri a ƙasa, yawanci daga cinya, sannan ya tafi. Idan aka tarar da gawa a kan reshen itace, wannan aikin damisa ne.

Kada a sa guba a mushe. Rabbi ba ya cika cin abin da ba shi ya kashe ba, don haka gubar ungulaye da diloli da karnukan makiyayin kansa take ƙararwa, wanda aka yi dominsa kuwa ya wuce abinsa.

Hanyar da ta fi tasiri ita ce ta kare mai gadin garke. A Namibiya, ƙungiyar kare rabbi da Laurie Marker ta kafa a 1990 ta fara rarraba wa manoma manyan karnukan Turkiyya irin su Kangal tun 1994, kuma waɗanda suka karɓa sun ba da labarin raguwar asara ƙwarai. Sirrin yana wajen tarbiyya, ba wajen girman karen kaɗai ba. Ana kai kwikwiyo cikin awaki tun yana ɗan wata biyu zuwa uku, ya kwana da su, ya saba da warinsu, har ya ɗauke su tamkar danginsa. Ba a barin yara su mayar da shi abin wasa a gida, domin karen da ya saba da inuwar bukka ba zai bi garke cikin zafin rana ba. Dole a ciyar da shi kullum, a yi masa allurar rigakafi, tun da kare mai jin yunwa shi ne farkon mai cin 'yan awaki. Ba faɗa ake nema daga gare shi ba, haushi ne kawai: rabbi da gudu yake kama abincinsa, ya san raunin ƙafa ɗaya na iya zama ajalinsa, shi ya sa yake kauce wa rigima.

Sauran matakan sanannu ne ga duk wanda ya taɓa kiwo. A tsare ƙananan 'yan awaki da na tumaki cikin shingen ƙaya har su yi ƙwari, a kawo masu ciki kusa da gida, kada kuma a saki garke ba mai tsaro. Rabbin Sahara yakan fita farauta da dare saboda zafi, don haka shingen kwana ya fi muhimmanci a can.

A bar wa rabbi bareyinsa kuma. Inda mafarauta masu motoci da babura suka share barewa, abin da ya rage masa shi ne akuya. Wanda ya ga masu wannan farauta, ko mai tallan ɗan rabbi irin waɗanda ake safararsu ta Somaliland zuwa ƙasashen Larabawa, sai ya sanar da ma'aikatan gandun daji mafi kusa, ya faɗa musu wurin da ranar.